Babi na Bakwai: Agogon da ke Zuwa Yana Tafiya a Cikin Linux

Darasi na ɗaya: agogo nawa kwamfuta take da shi?

Ku zauna gaban kwamfuta, ku buɗe baƙin allon nan da muke rubuta umarni a ciki. Kada ku danna komai tukuna.

Kwamfuta ba agogo ɗaya gare ta ba. Akwai wanda ke manne a babban allon cikinta, da ɗan batirinsa zagayayye, shi ne ke ci gaba da ƙirga lokaci ko an ɗauke wuta. Akwai kuma agogunan da kanel yake riƙewa da kansa. Kanel shi ne cibiyar Linux, mai shiga tsakanin manhajoji da kayan na'ura. Agogunansa kullum suna nan, shi ya sa aka yanka musu lambobi na dindindin: mai faɗin lokacin duniya lambarsa 0, mai ƙirgawa gaba ba ya komawa baya lambarsa 1.

Wanda ya tara mu yau daban ne. Yana zaune a jikin katin sadarwa, wato inda ake soka wayar intanet. Yau yana nan, gobe a cire katin ya tafi, jibi a sa kati biyu. To wace lamba ta dindindin za a ba shi? Babu. A shekarar 2011 aikin Richard Cochran ya shiga Linux 2.6.39, ya ba kanel hanyar karɓar irin wannan agogo a duk lokacin da ya zo. Linux 3.0 kuma ya kawo sashen agogunan PTP, tsarin daidaita lokaci na IEEE 1588 da ya fara fitowa a 2002. Kamfanonin waya da tashoshin lantarki suna amfani da shi, don su kuskuren ƙasa da sakan ɗaya ma matsala ce.

Dabarar ita ce a mai da agogon fayil. Sunansa /dev/ptp0. Na biyu /dev/ptp1.

Darasi na biyu: nemo lambar agogonka

Nan ne mutane suke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Kada kowa ya ji kunya.

Da farko nemo sunan katinka. Rubuta:

ip link

Tsakanin kalmomin biyu akwai fili. Danna dogon maɓallin ƙasa sau ɗaya, shi ne fili. Sai ka danna Enter. Za ka ga suna kamar eth0 ko enp3s0. Kwafe shi a littafinka, harafi bayan harafi. Abin da ke ƙarshen eth0 sifili ne, ba harafin O ba. Yana jerin lambobi na sama, bayan 9.

Yanzu rubuta:

ethtool -T eth0

Dubi T ɗin nan da kyau. Babba ne. Riƙe Shift da ɗan yatsa, danna t, sannan ka saki. Gabansa akwai 'yar gajeriyar sanda, a manne da shi, ba fili a tsakaninsu. In sunan katinka ba eth0 ba ne, sa naka sunan.

Me ya sa nake matsawa a kan babban T? Domin ƙaramin t wani umarni ne dabam. Shi yana sa katin ya gwada lafiyar kansa, kuma yana iya yanke sadarwa na ɗan lokaci. Na sha ganin ɗalibi ya danna ƙarami, intanet ya ɗauke, ya ɗaga hannu yana cewa, "Malam, na lalata ta." Ba ka lalata komai ba, Alhaji. Jira kaɗan zai dawo. Sake rubutawa da babba.

Idan amsa ta fito, nemo layin da aka rubuta PTP Hardware Clock. A ƙarshensa akwai lamba. In ka ga 0, agogonka /dev/ptp0 ne. In ka ga 1, /dev/ptp1 ne. In ka ga none, katinka ba shi da agogo, sai ka matsa kusa da maƙwabcinka ku yi tare.

Wannan lamba ba ta katin ba ce har abada. Kamar lambar layi ce a asibiti: wanda ya riga isowa shi ake ba ta farko, gobe wani ya riga shi. Kanel yana raba lambobin ne bisa yadda agogunan suka bayyana gare shi. Saboda haka duk lokacin da ka kunna kwamfuta, ko ka sa sabon kati, sake dubawa. Babban T, sannan ka karanta lamba.

Mu sake. Goge allo, rubuta da kanka ba tare da kallon littafi ba. Madalla. Sake kuma.

Wasunku har yanzu suna rubuta /dev/ptp0 da ka, wai ai jiya shi ne. Jiya ta wuce. Haba jama'a, umarnin da bai kai sakan biyar ba ne ya gagare ku? Wanda ya taɓa agogon da ba nasa ba zai wuni yana neman matsala inda babu ita, kuma ni ba zan bar sauran aji in zo in tsaya a kansa ba. A duba lamba kafin a taɓa komai.

Darasi na uku: karanta lokacin

Sai an girka tarin manhajar linuxptp. Bayan ka duba lambarka da babban T, rubuta:

sudo phc_ctl /dev/ptp0 get

In lambarka ba 0 ba ce, sa taka. Kalmar sudo tana ba umarnin izinin mai kula da kwamfuta. Sandar da ke cikin phc_ctl ta ƙasa ce, da Shift ake samunta. Za ka ga doguwar lamba: yawan sakan ne tun daga 1 ga Janairu 1970. Sabon agogon da ba a saita ba yana iya nuna kwanan da ba daidai ba, kada ka damu. Wanda aka daidaita kuwa yakan wuce agogon bango da sakan 37, don PTP da ma'aunin TAI yake aiki, wato lokacin agogunan atom, kuma tun 2017 tazararsa ke nan da UTC, lokacin duniya da agogon bango yake bi.

Darasi na huɗu: abin da ke faruwa a ciki

Manhaja tana buɗe fayil ɗin agogo, kanel ya ba ta lambar riƙo. Daga wannan lamba ake ƙera lambar agogo, a miƙa wa clock_gettime, hanyar da ake tambayar sauran agoguna. In an rufe fayil, lambar ta mutu. In an cire katin ana cikin aiki, kanel zai amsa da ENODEV, ma'ana babu na'urar. Mai son saita agogo sai ya buɗe fayil ɗin da izinin rubutu.

Darasi na biyar: daidaitawa

ptp4l yana daidaita agogon kati da babban agogon da ke kan hanyar sadarwa. phc2sys yana ɗauko lokaci daga kati ya kai wa agogon kanel. Ku rubuta sunayen biyu a littafi, za mu gwada su a aji ranar da aka samu kati na biyu.