Hutar da taurari kafin sili-ɗaya-ƙwale: inda kociyoyin NFL ke tuntuɓe

A gasar NFL ta ƙwallon Amurka, ƙungiya kan samu gurbinta a wasannin sili-ɗaya-ƙwale tun kaka ba ta ƙare ba. Daga nan koci ya shiga tsaka mai wuya: ya ajiye manyan 'yan wasansa a benci, ko ya zuba su a fili?

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne rashin ƙirga kwanaki. Ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a ɓangarenta, cikin manyan ɓangarori biyu na gasar, dama ana ɗauke mata zagayen farko, hutun mako guda ke nan a ɓagas. In koci ya ƙara da ajiye tauraro a wasan ƙarshe kafin sili-ɗaya-ƙwale, hutu ya doshi mako uku. Haka Baltimore Ravens ta yi wa mai jefa mata ƙwallo Lamar Jackson a kakar 2019: ya buga ranar 22 ga Disamba, bai sake taka fili ba sai 11 ga Janairu, Tennessee Titans ta bi su har gida ta doke su 28-12. Green Bay Packers ma ta ajiye mai jefa mata ƙwallo Aaron Rodgers a kakar 2011, New York Giants ta sallame ta da 37-20. Ba hutun kaɗai ya kayar da su ba, amma jifa da cafewa abu ne na sabo, hannu yakan yi sanyi. Gyaran: mai hutun mako a gaba ya bar taurarinsa su ɗan motsa jini a farkon wasa, sannan ya cire su.

Sai dai wannan ma ba na kowa ba ne. A Janairun 2010 New England Patriots ta riga ta samu gurbi, mai cafe mata ƙwallo Wes Welker ya ji rauni a gwiwa tun farkon wasa da Houston, mako na zagayowa Baltimore ta fitar da su. Don haka wanda ke ɗingishi, ko wanda ya sha karo duk kaka, shi za a fara ajiyewa, ba mai babban suna ba. 'Yan wasa 53 ne kawai a ƙungiya, ba kowa zai samu benci ba.

Akwai kuma kwaɗayin kafa tarihi. A kakar 2024 Saquon Barkley na Philadelphia Eagles ya yi gudun yadi 2,005 da ƙwallo, saura 101 ya karya tarihin Eric Dickerson na gudu mafi yawa a kaka guda. Philadelphia Eagles ba ta da hutun mako, ta zaunar da shi duk da haka, kuma na ga daidai ne. A Fabrairu ta ɗaga kofin Super Bowl, wato kofin zakaran gasar, bayan ta lallasa Kansas City Chiefs 40-22.