Kafin a yi maka allurar farko ta kansar furostat

Ina da shekara 66 ranar da likita ya ajiye takardar gwaji a gabana ya ce, "Baba, kansar furostat ce, kuma ta taɓa ƙashin ƙugu." Furostat ɗin nan wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar fitsari, shi ya sa a gari ake ce wa ciwon sankarar mafitsara. Shekara biyu ke nan ina kan magani, kuma duk mai irin larurata da ya zo gaishe ni, tambayarsa ɗaya ce: allura ko tiyatar cire maraina?

Nakan ce masa ya fara sanin aikin maganin. Wannan kansa da sinadarin namiji take rayuwa, wanda likitoci ke kira testosteron, kuma kusan dukkansa daga maraina yake fitowa. In aka yanke mata shi sai ta lafa. Tun 1941 wani likita a Amurka, Charles Huggins, ya nuna haka, har aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Maganin yana danne ciwon, wani lokaci shekaru da dama, amma shi kaɗai ba ya raba ka da shi.

Saboda haka tambayarka ta farko ga likita ita ce: ina ciwon ya kai, kuma har yaushe zan yi maganin? In bai fita daga furostat ba kuma za a yi maka gashi da na'ura, ana haɗa shi da maganin na wata 4 zuwa 6, ko wata 18 zuwa shekara 3 in ciwon mai ƙarfi ne. In ya bazu irin nawa, galibi har ƙarshen rayuwa ne. Mai wata shida ba ruwansa da tiyata, tunda abin da aka cire ba ya dawowa.

Mai maganin dindindin kuwa, ɗan'uwa, kada ka yi saurin kawar da kai daga tiyatar. Na san nauyin maganar, ni ma da aka ambace ta sai da na yi kwana uku ban ci abincin kirki ba. Amma ƙaramin aiki ne na cire maraina, sinadarin yana faɗuwa cikin kwana guda, kuma sau ɗaya ake biya. Allura irin goserelin, wadda aka fi sani da Zoladex, ana sa ta a ƙarƙashin fatar ciki duk wata, ko babbarta duk mako 12. Daga waje ake shigo da ita, kuɗinta yana bin dala. Ka zauna da 'ya'yanka ku yi lissafin shekara guda cif, har da kuɗin mota da na gwaji. Allurar da za ka yi yau ka kasa yi bayan wata uku ba ta kai tiyata amfani ba. Illolinsu kuma kusan ɗaya ne, domin duka biyun sinadari guda suke kashewa. Ni allura na zaɓa, amma na riga na gaya wa likitana cewa ranar da kuɗinta ya gagara, a yi min aikin.

In allura ce, ka tambayi wace iri. Zoladex da 'yan'uwanta irin leuprolide sukan fara ɗaga sinadarin na mako ɗaya ko biyu kafin ya sauka, kuma ga mai ciwo a ƙashin baya ko mai wahalar fitsari wannan tashin yana da haɗari. Shi ya sa ake fara ba da ƙwayar bicalutamide kafin allurar, a ci gaba da sha na 'yan makonni. In ba a yi maka zancenta ba, kai ka yi. Akwai degarelix, allurar wata-wata da ba ta da wannan tashin, sai dai wurin da aka yi ta yakan kumbura ya yi zafi. Akwai kuma ƙwayar relugolix da Amurka ta amince da ita a 2020. Mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ya faɗa tun a zaman farko, don likita ya duba ko irin waɗannan biyun sun fi dacewa da shi, in ana samunsu.

Ga wanda ciwonsa ya bazu, yanzu akan ƙara wani magani a kan allurar ko tiyatar. Ni abiraterone aka ƙara min. Da wofin ciki ake shanta, kuma dole a haɗa da prednisolone, ana duba hawan jini da hanta da gishirin jini akai-akai. Akwai kuma enzalutamide, ita ba ta buƙatar wannan haɗin, amma tana sa kasala sosai, kuma mai farfaɗiya sai ya yi hattara. Kafin azumi ka koma wurin likita ku tsara lokacin sha.

Illar da ta fara zuwar min ita ce zafi. Kana zaune lafiya sai ka ji kamar an watsa maka garwashi daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa riga. A bazarar Kano abin ba sauƙi. Na koma sa yadi mara nauyi, na rage yaji da shayi mai zafi, ina kwana da ruwan sanyi a gefe. In ya hana ka barci ka faɗa, akwai maganinsa.

Wadda ba a son faɗa ita ce ta shimfiɗa. Sha'awa tana tafiya, ƙarfi ma haka. Ka gaya wa iyalinka tun kafin ta fara zargin kanta ko abokiyar zamanta. Ni na tafi da uwargidana asibiti ta ji daga bakin likita, kuma wannan ya sauƙaƙa mana fiye da yadda na zata. Ina roƙonka kada ka nemi mafita wurin masu tallar maganin ƙarfin maza. Ba ka san abin da ke cikin kwalbar ba, kuma in akwai testosteron a ciki, abincin kansar ka saya da kuɗinka.

Sauran illolin a ɓoye suke tafiya: ƙashi yana yin laushi, tsoka tana zubewa, tumbi yana fitowa, suga yana hawa, wani nono yakan ɗan taso masa, wani ƙunci ya dame shi ba dalili. Ka sa a auna maka suga da hawan jini da nauyi kafin allurar farko, don a sami abin kwatantawa. Ka tambaya ko kana buƙatar kalsiyam da bitamin D, ko allurar ƙarfafa ƙashi, wadda ake so a duba haƙora kafin a fara ta. Ni bayan sallar asuba nake tafiyar minti 30, na dawo na ɗaga galan biyu na ruwa a tsakar gida. Kasalar ta ragu ƙwarai.

Ka sayi ƙaramin littafi. Nawa yana aljihu kullum: ranar kowace allura, sakamakon PSA (gwajin jinin da ake bin diddigin ciwon da shi) na duk wata uku, da duk abin da jiki ya yi min. A shafin farko na rubuta wa 'ya'yana da jan biro cewa in na yi kukan sabon ciwon baya mai tsanani, ko ƙafafuna suka yi nauyi, ko fitsari ya tsaya, a kai ni asibiti a daren, kada a jira ranar ganin likita.