Kurakuran da masu barin aikin albashi su kama sana'a suke ta maimaitawa

Ba a cika wata guda ba sai wani ya zauna a bencin shagona ya ce, "Yaya, na gaji da aikin nan, zan ajiye in kama nawa." Wani malami ne a makarantar kuɗi, albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Wata ma'aikaciyar banki ce ta kwantiragi, an ɗora mata neman kwastoma har ta rame. Wani kuma ya gama kwalejin Kadpoly ko jami'ar KASU, ya yi bautar ƙasa, ya gaji da yawo da fayil a hannu. Ban taɓa hana kowa ba, don ni ma ofis na bari na buɗe wurin zane da buga takardu: katin biki, kalanda, fasta, rasit na 'yan kasuwa. Kuma duk wanda ya tashi a Kaduna ya san albashi ba gado ba ne. Mun ga Kakuri. Masaƙar KTL da aka buɗe tun 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta rufe a 2007, magidanta dubbai suka wayi gari babu wurin zuwa. Mun kuma ga malaman firamare sama da 21,000 da aka sallama bayan jarrabawar 2017. Neman na kai dole ne. Abin da ya ishe ni shi ne ganin sabon shiga yana faɗawa ramin da na gabansa ya faɗa jiya, alhali ramin a buɗe yake kowa na gani.

Na farko shi ne ajiye aiki cikin fushi. Oga ya yi maka tsawa ranar Talata, ranar Laraba ka miƙa takarda. Wa zai sayi kayanka ranar Alhamis? Kafin ka fita, ya kasance akwai mutanen da suka riga suka biya ka kuɗi a kan abin da kake son yi, ba masu cewa "wallahi kana buɗewa za mu zo" ba. Ka gwada da yamma da ranakun Asabar da Lahadi. Idan kai ma'aikacin gwamnati ne ka yi hattara a nan, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa in ban da noma. Kai sai dai ka yi amfani da lokacin wajen koyon sana'ar da tara kuɗi. Ni shawarar da nake bayarwa ita ce kada mutum ya fita sai yana da cefane da kuɗin makarantar yara na wata shida a gefe, kuma wannan kuɗin ba ya cikin jari. Masu ɗora rai a kan kuɗin fansho su sani cewa dokar 2014 kashi 25 cikin 100 kawai ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya cira, shi ma sai ya yi wata huɗu babu aiki.

Sai kama shago tun kafin a san mutum. Ka kwashe rabin jarinka ka ba mai gida hayar shekara, dillali ya yanki la'adarsa, ka yi fenti, ka sa tayil da gilashi da fitila mai launi, sannan ka zauna babu kuɗin sarin kaya. Tayil ba ya kawo ciniki. Telan da ya fara da keke ɗaya a zauren gidansu a Tudun Wada, yana kai ɗinki a kan lokaci, ya fi mai shagon gilashi a Ahmadu Bello Way da ba shi da kuɗin sayen zare. Shago kuma ba naka ba ne har abada, waɗanda ke Kasuwar Barci lokacin da aka rushe ta a 2020 don sake gini sun san haka. Wanda yake da lambobin kwastomominsa a waya ya ci gaba da ciniki daga gida, wanda ya dogara ga masu wucewa ya zauna.

Yanzu ga wanda ya ci ni, kuma har gobe idan na tuna raina sosuwa yake yi: yin aiki babu kafin alƙalami.

Gab da zaɓen 2019 yaran wani ɗan takara suka shigo min da mota mai baƙin gilashi. Fasta suke so, da kalanda, da yawan da ban taɓa bugawa ba. Na yi lissafi na faɗi kuɗi, babu wanda ya nemi ragi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani, domin mai niyyar biya shi ne ke ciniki. Na ce a ba ni wani abu in sayi takarda, babbansu ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam, Honorabul ne fa. Ka buga kawai, ana dawowa daga kamfen za a sallame ka, kuma idan aka ci duk aikin ofishinsa naka ne." Na je wurin mai sayar min da takarda na karɓo bashi da sunana da mutuncina. Muka kwana muna aiki da janareto. Aka zo aka loda kaya, aka manna su a bangon gari, ina wucewa ina ganin gumina a jikin kowace katanga. Mutumin ya faɗi zaɓe. Waya ta daina shiga, gidansa maigadi ya ce Alhaji yana Abuja, yaran da suka kawo aikin kowa ya ce ba shi ya sa hannu ba, kuma gaskiyarsu ce, don babu inda aka sa hannu. Mai takarda kuwa ya san ƙofar gidana. Sai da na sayar da ɗaya daga cikin injinana na biya shi, na sallami yaro ɗaya da ba shi da laifin komai.

To ku saurara, ku masu sabon shago. Duk wanda ya ce maka "ai mun zama ɗaya" a lokacin da ake maganar kuɗi, so yake jarinka ya zama nasa. Me ya sa kake jin kunyar neman haƙƙinka? Shi da ya zo ya sa ka aiki babu ko sisi a hannunsa bai ji kunya ba, sai kai? Kunyar mara kunya asara ce. Mai fetur ba ya ba ka lita ɗaya don kun yi makaranta tare, mai Keke Napep ba ya ɗauko ka daga Kawo don kun haɗa kaka. Sai kai mai zane, kai tela, ke mai yin kek da cincin na biki, ku ne za ku ɗauki nauyin bikin mutane da kuɗin aljihunku? Ana tashi daga biki uwar amarya ta shiga wata hidimar, ke kuma ki koma mai aika saƙo "Hajiya ina wuni, dama maganar ragowar nan ce", kamar mai roƙo.

Ga yadda nake yi tun daga lokacin. Kashi 70 cikin 100 kafin in kunna inji, sauran kafin kaya su bar shago. Aikin siyasa kuwa a biya duka, ko na wace jam'iyya ne. Wasu abokan sana'a suna karɓar rabi, suna ganin nawa ya yi tsauri, amma rabi ba ya rufe kuɗin kayan aiki a sana'armu, kuma ni so nake idan mutum ya gudu, wahalata kawai ta tafi, ba jarina ba. Duk abin da muka yi magana da baki sai na rubuta masa a WhatsApp: kaya kaza, guda kaza, kuɗi kaza, ranar karɓa kaza, gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗi. Ba na taɓa aikin sai ya amsa da "na yarda". Idan wani ya ce wannan rashin yarda ne, ina tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi. 'Yan'uwa na jini kuma ba na ba su bashi. Abin da zan iya yi kyauta ina yi in ce kyauta ne, wanda ba zan iya ba in ce ba zan iya ba, zumunci ya zauna lafiya.

Wani kuskuren mai kisa shi ne aljihu ɗaya. Wanda ya saba da albashi ya saba duk abin da ya shigo nasa ne, sai ya zo kasuwa da wannan tunanin. A ce an biya ka naira 100,000 kuɗin katin biki. Takarda da tawada sun ci 55,000, yanka da naɗi 10,000, fetur 8,000. Saura 27,000, kuma a cikinta akwai hayar shago, da kuɗin yaro, da gyaran injin da zai lalace wata rana. Amma ranar da alat ya shigo sai mutum ya ga 100,000, ya biya ta kasuwa ya yi cefane mai nama, ya aika gudunmawar suna, ya saya wa uwargida anko. Bayan wata takwas kanta ta zama fayau, ya fara cewa an yi masa asiri ko an sa masa baki. Babu wanda ya yi maka komai, uwar kuɗi ka cinye da hannunka.

Ni albashi nake yanka wa kaina, ƙayyadadde, ƙarshen wata, kamar yadda ake biyana a da. Asusun shago daban, nawa daban, ko ruwan leda na saya da kuɗin shago sai ya shiga littafi. Bayan sallar isha'i nake zama da littafin, kullum, ba na barin na yau ya kwana. Kuɗin haya ina raba shi gida goma sha biyu in cire kaso ɗaya duk wata, saboda ranar da mai gida zai aiko kada in shiga neman rance. Biki da suna da gaisuwar mara lafiya suna da nasu kaso a cikin albashina, idan ya ƙare ya ƙare, sai in je da ƙafata in yi addu'a. Adashi ma daga albashina nake zubi. Na ga waɗanda suka shiga zubi mai nauyi da kuɗin kanta, kafin ɗaukarsu ta zo babu kayan sayarwa. Kuma wanda bai san iyakar jarinsa ba, ta yaya zai san ko zakka ta hau kansa?

Farashi ma ana kuskure a kansa sosai, musamman tun 2023. A ranar 29 ga Mayu na shekarar Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mai kanti da ya sari kaya da tsohon farashi ya ɗora 'yar ribarsa ya sayar, da ya koma sari sai ya tarar kuɗin ba za su sayi rabin abin da ya fitar ba. Da farashin da za ka sake saro kayan ake lissafi, ba da wanda ka saya ba. Ni duk farashin da na bayar na mako ɗaya ne, kuma ina rubuta haka a ƙasan takardar. Karya farashi don a ƙwace kwastoman maƙwabci kuwa, wanda ya zo don arha zai tafi don arha.

Masu aiki ta intanet, rubutu ko fassara ko zane ko haɗa shafi, duk abin da na faɗa ya hau kanku. Ƙari a kai: kada ku sayi asusun wani a shafukan neman aiki irin su Upwork ko Fiverr, ranar da aka rufe shi da kuɗinku za a rufe. Ku sa kashi 20 cikin 100 da Fiverr ke cirewa a cikin lissafi tun kafin ku faɗi kuɗi. Ku tanadi wutar sola ko batir da layin waya biyu, domin wanda ke Ingila bai san "an ɗauke wuta" ba, ranar da aka yi alkawari kawai ya sani. Kuma kwastoma ɗaya, komai yawan abin da yake biya, bai isa a jingina da shi ba.

Sauran a taƙaice. Kada ka buɗe POS don kawai na kusa da kai ya buɗe, a layi ɗaya a Rigasa za ka ƙirga rumfuna nawa, duk suna rabon mutane ɗaya. Hoton rasit na tiransifa ba kuɗi ba ne, ka buɗe asusunka ka gani da idonka kafin kaya su fita. Injin da wani ya riga ya yi amfani da shi kada ka biya sai ka je da makaniken da ka yarda da shi, kuma ka tambaya a kasuwar Panteka ko ana samun kayan gyaransa. Haɗa jari da aboki ko suruki, a rubuta wa ya kawo nawa, wa zai zauna a shago, yaya za a raba riba, yaya za a yi idan an faɗi, da shaidu biyu. Yaron shago ka yanka masa haƙƙinsa a fili ka biya a kan lokaci, sannan ka riƙa ƙirga kaya da kanka. Ka yi rajistar sunan kasuwancinka a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da wuri, don makarantu da ƙungiyoyi da ma'aikatu ba sa tura kuɗin kwangila asusun mutum, na sha ganin aiki ya wuce ƙwararre ya faɗa hannun wanda bai kai shi ba saboda takarda ɗaya.

Wurin aikin da za ka bari kuma, ka ba su sanarwa yadda takardar ɗaukarka ta ce, ka miƙa duk abin da ke hannunka, ka bi ofis ofis ka yi sallama har da masinja da maigadi. Katin bikin farko da na buga na kuɗi, na 'yar wani tsohon abokin aikina ne, kuma shi ya kai ni makarantar da har yanzu nake buga wa takardun jarrabawa.