Haɗa man leɓe tare da yara a zafin Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Masu son haɗa man leɓe da yara, a lura da awo, domin zafin garin nan yana narkar da shi a cikin jaka. Cokali ɗaya na kakin zuma, ɗaya na man kaɗanya, ɗaya da rabi na man zaitun. Kakin ana samunsa wajen masu kayan ƙamshi a Balad, tsohuwar unguwar Jidda.

A zuba su a kofin gilashi, a sa kofin cikin tukunyar ruwan zafi, wuta kaɗan-kaɗan. Wannan aikin uwa ne, don narkakken kaki yana manne wa fata ya ƙona. Yara su auna, su goge gwangwanayen da za a juye man a ciki su bushe ƙarau. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kawo fumfuna.

Kafin a juye, a ɗiga kaɗan a cokali, a sa a firji minti 2. In ya yi laushi, ƙara kaki. In ya yi tauri, ƙara zaitun. Idan kuka ga yana tsaki-tsaki, kaɗanyar ce ta huce a hankali, sai a sake narkarwa a kai firji nan take.

Don Allah kada a sa turare ko man na'ana'a, yara lashewa suke yi. A fara gwadawa a hannun yaro, a jira kwana ɗaya.