Darasi Na Bakwai: Zaman Natsuwa Da Hisabin Kai Domin Gyaran Hali Mai Ɗorewa

Kowace shekara, idan watan azumi ya kama, mutane da yawa a Damagaram sukan ga sauyi a halinsu. Mai shan taba yakan wuni bai kunna ko kara ɗaya ba, mai saurin fushi yakan danne zuciyarsa ko da an taka shi a cunkoson Kasuwar Dole, wanda ya saba makara kuwa yakan tashi tun kafin kiran assalatu. Amma da an yi Sallah da mako biyu ko uku, sai a tarar yawancinsu sun koma gidan jiya.

Ba rashin niyya ne ke jawo haka ba. Azumi yana zuwa da tsarinsa: lokacin sahur sananne ne, na buɗa-baki sananne ne, kuma gari duka, daga Birni har Zango da Sabon Gari, abu ɗaya ake yi a lokaci ɗaya. Idan watan ya wuce, tsarin ya tafi da shi, sai tsohon halin da aka yi shekaru ana ginawa ya dawo mazauninsa. Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, kuma sun yi gaskiya game da wuyar kankare shi, sai dai bai kamata wannan magana ta zama mafakar mai kasala ba, domin aya ta 11 a Suratur Ra'ad ta nuna cewa Allah ba ya canza wa mutane halin da suke ciki har sai sun canza abin da ke cikin zukatansu.

Masana sun auna tsawon lokacin da sabon aiki ke ɗauka kafin ya zama jiki. A wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a birnin Landan na Ingila, wanda aka fitar a shekarar 2009, mutum 96 sun zaɓi ƙaramin aiki ɗaya suna maimaita shi kullum. An gano cewa a tsaka-tsaki sai an kai kwana 66 kafin aikin ya riƙa zuwa ba tare da an tilasta wa kai ba, wasu sun saba cikin kwana 18, wasu kuma lissafi ya nuna za su buƙaci har kwana 254. Ke nan wanda ya gyara halinsa na kwana 30 ya kama hanya mai kyau, amma da sauran tafiya a gabansa.

Matakin farko shi ne ku zaɓi abu ɗaya tak, kuma ƙarami. Wanda ya ce daga gobe zai daina fushi, ya daina cin bashi, ya daina raba dare a fada wajen shan shayi, sannan ya iya karatu da rubutu, ba zai kai Juma'a ba. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Saboda haka mai sayar da ƙosai za ta iya cewa kullum, idan ta sauke kasko, za ta jefa dala ashirin a asusu kafin ta taɓa cinikin ranar. Cikin kwana 30 ta tara jaka uku. Tela kuma zai iya cewa ba zai karɓi ɗinki ya sa ranar da ya san ba zai cika ba. Ku lura cewa kowane aiki a nan an ɗaure shi da wani abu da dama ake yi kullum, domin abin da ba shi da lokaci sananne mantuwa ce ke cinye shi.

Mataki na biyu shi ne zaman natsuwa, kuma a nan ne ya kamata a fi ba da ƙarfi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, kafin ƴan ga-ruwa da masu kabu-kabu su cika hanya, kafin kuma rana ta yi zafi, musamman a watannin Afrilu da Mayu. Ku zauna a kan tabarma ko buzu, baya a miƙe ba tare da ƙanƙame jiki ba, ku kashe salula ko ku bar ta a wani ɗaki. Ku runtse ido ko ku sauke shi ƙasa. Ku ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya ɗago, sannan ku sake shi a hankali, fitarsa ta ɗan fi shigarsa tsawo. Baligi da ke hutawa yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma idan ya rage gudun numfashin, bugun zuciya yakan lafa, jiki ya saki. Mai son haɗawa da zikiri sai ya riƙe carbinsa ya ja a hankali, yana sauraron abin da harshensa ke faɗa. Wanda ke bin wani addini sai ya yi da addu'ar da ya saba.

Ba za a yi minti ɗaya ba sai tunani ya ɓalle, ya tafi wajen kuɗin cefane, ko bashin da ake binku, ko maganar da kishiya ko maƙwabci ya yaɓa muku jiya. Masu fara wannan zama sukan ɗauka sun kasa, alhali kuwa kowa haka zuciyarsa take. Hankali kamar akuyar da aka ɗaure a turke yake: za ta ja igiya ta nufi dawar maƙwabci, aikin mai ita shi ne ya jawo ta ba tare da duka ba. Duk sa'ad da kuka farga cewa hankalinku ya tafi, ku maido shi kan numfashi ko kan zikiri, ko da sau talatin ne. Wannan fargar da maidowar su ne ainihin abin da ake koyo, domin su ne za su yi muku amfani da rana tsaka, lokacin da mai ciniki ya gaya muku baƙar magana kuka ji zuciya ta taso: wanda ya saba lura da abin da ke motsi a ransa yakan samu sararin jan numfashi uku kafin ya buɗe baki. Minti biyar sun isa a makonnin farko, kuma a ganina gara biyar ɗin kullum da rabin awa ranar Juma'a kaɗai. Kafin ku tashi, ku faɗa wa kanku aikin da kuka zaɓa a cikin jimla ɗaya.

Mataki na uku hisabin dare ne. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya tsara abin haka: mutum ya gindaya wa ransa sharaɗi da safe, ya sa masa ido da rana, ya bincike shi da dare. Bayan sallar isha'i ku buɗe littafin rubutunku, ku rubuta sunan ranar, sannan ku sa alamar ƙari idan kun cika aikin, ko ɗan da'ira idan ba ku cika ba. Wanda hannunsa ya fara faɗawa sai ya ƙara jimla ɗaya, kamar "Yau na ajiye dala ashirin" ko "Yau na yi fushi a bakin famfo". Idan da'ira ta yi yawa a rana guda ta mako, misali Alhamis da kasuwa ke ci, kun gano inda tarkonku yake, sai ku shirya masa tun daren Laraba.

Za a samu ranar da biki, ko rasuwa, ko rashin lafiyar yaro za su hana ku. Binciken Landan ya nuna cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe sabo, don haka ku sa da'irarku ku ci gaba washegari. Amma wanda ya yi makonni ba ya barci, ko abinci ya fita ransa, ko baƙin ciki ya hana shi sana'a, ko shan ƙwaya ya fi ƙarfinsa, zaman natsuwa kaɗai ba zai wadatar da shi ba, lalle ne ya je asibiti ya ga likita.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya ja layi bakwai a shafi ɗaya, ya rubuta ranakun mako daga Asabar zuwa Juma'a, ya kuma rubuta aikin da ya zaɓa a saman shafin. A zama mai zuwa kowa zai zo da littafinsa, ya karanta wa abokin zamansa jimla ɗaya daga ciki da babbar murya, malam ko malama kuma su duba rubutun.