Yadda mai shan warfarin zai kiyaye kansa daga zubar jini idan yana buƙatar maganin ƙwayoyin cuta

Duk wanda likita ya ɗora a kan warfarin, wato maganin da ke hana jini daskarewa, ko saboda gudan jini a ƙafa ko saboda bawul na ƙarfe da aka sa masa a zuciya, wajibi ne ya faɗi haka kafin a ba shi wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko a asibiti ne ko a kemis. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu, inda mutum kan sayi Flagyl da kansa da zarar cikinsa ya ɓaci.

Hanta ce ke narkar da warfarin, kuma magunguna irin su metronidazole, wato Flagyl, da co-trimoxazole da aka fi sani da Septrin, suna rage mata wannan aikin, sai warfarin ya taru a jiki, jini ya tsinke fiye da kima. Ciprofloxacin da erythromycin ma suna iya yin haka. Ƙari a kan wannan, magungunan suna kashe ƙwayoyin hanji masu samar da bitamin K, wanda jini ke buƙata domin ya daskare.

Idan babu makawa sai an sha maganin ƙwayoyin cuta, a nemi gwajin INR, wato gwajin da ke auna saurin daskarewar jini, cikin kwana 3 zuwa 5 da farawa, sannan a maimaita bayan an gama. Ga yawancin masu shan warfarin ana son sakamakon ya tsaya tsakanin 2 da 3. Kada majinyaci ya rage ƙwayar warfarin ko ya daina da kansa, domin likita ne zai daidaita ta bisa sakamakon. A kuma guji ibuprofen da diclofenac, saboda suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki.

A lura da jinin dasashi lokacin asuwaki da tabo mai shuɗi-shuɗi a fata ba tare da an bugu ba. Amma haɓon da ya wuce minti 10 bai tsaya ba, ko fitsari ja, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko ciwon kai mai tsanani kwatsam, waɗannan na zuwa asibiti ne nan take, ko da tsakar dare ne.

Rifampicin, na cikin magungunan tarin fuka, akasin haka yake yi: yana raunana warfarin har jini ya iya daskarewa, kuma tasirinsa kan ɗauki makonni bayan an daina shi, don haka a ci gaba da gwajin INR har a wannan lokacin.