Yadda nake yanka kuɗin wasan dabo daga Abuja zuwa Maraɗi

Ni wasana na teburi ne. Ba dandamali, ba lasifika. Karta, zobe, guntuwar igiya da ƙwallayen soso, duk suna aljihun kaftani. In tsaya gaban mutum shida ko takwas, in yi musu 'yan mintuna, in matsa gaba. Yaran da nake koya wa, tambayarsu ba ta wuce ɗaya: Oga, idan an kira waya nawa zan ce?

Kafin ka buɗe baki, ka san kuɗin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Ɗauki takarda ka rubuta masauki idan za ka kwana, abinci, wanki da guga, sabuwar karta (wadda baƙo ya sa wa hannu ko aka yaga ta tafi ke nan), sannan ladan yinin da ka ɓata. Kuɗin mota kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na daina cusa shi cikin kuɗin wasa. Daban nake faɗinsa, kuma a farashin ranar tafiya.

Daga nan sai ka dubi garin da mai biyan. A Abuja, musamman liyafar ƙarshen shekara da kamfanoni ke yi a Disamba, nakan ninka kuɗin Kano sau uku ban ji kunya ba. Wanda ya kama zaure a otal a Maitama, idan ka faɗa masa kuɗi kaɗan sai ya ɗauka ɗan koyo ne kai. Amma can yawanci mai shirya taro ne zai kira ka, kuma yana da la'adarsa. Tambaye shi tun farko ko tana cikin kuɗin ko a kai za a ɗora.

Kano garin ciniki ne. Ko Alhaji ya yanka shanu biyu, sai ya taya. Don haka ka ɗan ɗaga, ka bar wa kanka wurin cewa albarka sau ɗaya ko biyu kafin ka sallama. Idan an matsa maka, rage lokaci, kada ka rage daraja: "Ranka ya daɗe, a wannan kuɗin awa ɗaya zan yi, ba biyu ba." Kaduna tana tsakani.

Kada ka lissafa liƙi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira a wurin biki, kuma an ɗaure mutane a kai. Ban da haka ma, mai wasan teburi ba mawaƙi ba ne, ba ya tsayawa a fili a zo a manna masa.

Idan ka tsallaka Nijar, ka buɗe kunne. Karon farko da aka kira ni biki a Maraɗi, mai gayyar ya ce jika hamsin. Ni da na tashi na san jaka naira 200 ce, na buga lissafi, raina ya ɓaci, har na kusa kashe waya. Ashe a can jika sefa 1,000 ce, don da dala suke ƙirga: jika dala 200 ce, dala kuma sefa 5. Yanzu sai in ce a turo mini adadin a rubuce, in duba canjin ranar, in ƙara wani abu saboda ɓata lokaci a iyakar Jibiya.

Ko'ina ne, rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran kafin in taɓa teburin farko. Bayan an tashi biki, neman ango ya fi neman allura a rairayi wuya. Lokacina kuma daga sa'ar da aka ce in iso yake farawa, ba daga shigowar amarya ba.

Akwai kuɗi ɗaya da ba na karɓa. Kusan kowane biki sai wani ya ja ni gefe yana raɗa, wai in ninka masa dubu goma, mu raba. Nakan ɗauko ƙwallon soso in nuna masa inda nake ɓoye shi tsakanin yatsu, in ce, "Yallaɓai, saurin hannu ne kawai. Da ina ninka kuɗi, da ba a motar haya na zo ba."